Tambaya ta Bakwai

A jirgin fito na safe, daga Karshiyaka zuwa Konak,
takarda a gwiwa, biro a baki,
shayi na hucewa a kofi mai siririn ƙugu.
Saura minti arba'in Malama Nurhan ta rufe ƙofar aji.

Tambaya ta bakwai: wani mutum,
kullum dai wani mutum ne, ba suna, ba tari, ba 'ya'ya,
ya ajiye lira dubu goma a banki,
kuɗin ruwa arba'in cikin ɗari.
Shekara ta zagayo. Nawa ya ci?

Dubu huɗu. Ko ɗan firamare ya sani.
Na ja layi biyu a ƙarƙashi,
sai ga wutsiyar tambayar a bayan shafi:
farashi ya hau da sittin. Sake lissafi.

Ashe na san mutumin nan.
Erdal sunansa, shagonsa na lungun Kemeralti
inda inuwa ke riga la'asar isowa.
Yana da tari. Shi ya haife ni.

Bara ya sayar da man zaitun gwangwani goma,
dubu ɗai-ɗai, ya kai wa banki ajiya,
ya dawo da rasit a aljihun ƙirji kamar laya.
Bana suka ƙirga masa dubu goma sha huɗu,
har da murmushi, har da alewa a faranti.
Ya hau mota zuwa matsar mai a Ayvalik,
ya tarar gwangwani ya koma dubu da ɗari shida.
Takwas aka ɗora masa.
Canjin da ya saura bai isa na tara ba.

Bai san sunan abin a littafi ba.
Ya dai zube lodin, ya goge hannu, ya ce,
"Selda, kuɗi ƙanƙara ne a tafin hannu,
kina ƙirgawa yana ɗiga."
Kwalliya ko kuɗin sabulu ba ta biya ba.

An koya mana hagu da dama sai sun daidaita,
abin da ya shigo, abin da ya fita.
To a wane gefe zan rubuta gwiwarsa
da matakala ta ci shekara talatin?
Awarwaron innata da ya zama kuɗin zangon nan,
jari ne ko bashi,
kuma wa ke bin wa?

Sha huɗu a raba da sha shida.
Na rage ɗaya.
Asara: sha biyu da rabi cikin ɗari.
Amsar ta fito tsaf, har ta ba ni haushi.

Jirgi ya dungure tayoyin gaɓa, shayi ya fantsama,
ɗigo ɗaya ya sauka daidai kan rabin.
Maki biyar ke kan tambayar nan, zan ci su.
Da dare kuma Baba zai sauko da kwalayen farashi,
shi da fensir,
ni da abin gogewa.