Wankin Bututu a Lungun Gracinda

Ƙarfe biyu saura, Coimbra ta yi tsit.
Ɗalibai sun kwashe hayaniyarsu sun hau tudu.
Ni da Belmiro muka tsai da mota
a ƙarshen lungun da bututu ya ƙare,
inda ruwa kan zo, ya rasa gaba, ya kwanta.

Ruwa ba ya tsami banza.
Shekara hamsin ƙarfen nan na ƙarƙashin dutse,
tsatsa na cin sa a ɓoye,
laka na kwanciya ƙwaya bisa ƙwaya,
maganin da aka zuba tun daga matata
kan gaji a hanya kafin ya iso nan.

Belmiro ya ɗora sifana a wuyan famfon gobara.
Ya murɗa. Ya ƙi. Ya tofa yawu a tafi, ya sake.
Sai tari, sai gurnani,
sai ga shi ya ɓalle jawur kamar romon tsoka,
yana dukan duwatsun titi,
yana gangarawa neman kogin Mondego.

Taga ta buɗe a sama.
Tsohuwa Gracinda, da mayafin barci a kafaɗa:
"Ku ne kuka ce mu rage wanka bana!
Furannina uku sun mutu don na bi maganarku,
ga shi kuna shayar da kwata!"

Ban iya musu da tsofaffi ba.
Na ɗauko kofin gilashin da nake yawo da shi,
na tara, na ɗaga, na haska da tocila.
Ta leƙo. Ta yi shiru.
"Wannan nake dafa shayi da shi?"
Na ce, wannan ne ba ma so ki dafa.

Minti ashirin muna tsaye,
sanyi na shiga ta ɗinkin takalmi.
Ja ya koma ruwan ƙasa,
ruwan ƙasa ya koma kamar tsarin shinkafa,
Belmiro na duban allurar ma'auni
yana cin burodin da matarsa ta ƙunsa masa.

Kofi na bakwai ya fito garau.
Na ɗiga magani, ya yi launin da littafi ya ce.
Na rubuta lokaci, na rubuta lamba.

Ashe ta sauko, da bokiti biyu da silifas.
"Ƙarshen nan dai ba na kwata ba ne," in ji ta.
Muka cika mata. Ta kurɓa daga kofina
ba ta ce komai ba, ta goge baki.

In ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau.
Belmiro ya ɗaure famfo a hankali,
don bututu tsoho ba ya son a razana shi.
Saura lunguna tara kafin masu burodi su tashi.