Makullai Biyu

Makullai biyu ne a aljihun Alhaji Mutari:
ɗaya na shagon siminti da kwano, bakin tashar Mirriya,
ɗaya na ofishin magajin gari, inda rana ta cinye launin tuta.
Ni ne yaron shago, shekara goma sha tara,
ko a duhu na san ƙarar kowanne.

Kafin zaɓe, in ya ce babu bashi, to babu.
Bayan zaɓe littafin bashi ya yi tumbi,
kowa ya tuna shi ya jefa ƙuri'ar ƙarshe.
Buhu uku na Malam Haru, wai sai kaka.
Kaka huɗu ke nan.

Da hantsi yana buga hatimi kan takardun haihuwa,
yana raba rigimar fili da igiya da taku.
Da la'asar ya kwance ɗamara mai launi uku,
ya rataye a ƙusa kusa da sikeli:
"Laminu, kamiyon Kano ya iso?"

Shekarar da famfo ya ƙafe,
jarka ta yi layi daga masallaci har bakin asibiti,
majalisa ta ce a sayo bututu.
Duk garin mu kaɗai ke da shi.
In ya sayar, ya ci. In ya ƙi, ya hana.
Ya kwana yana juyi har tabarma ta zana masa baya.
Da asuba ya tura mota Damagaram,
aka sayo wurin Kanta, wanda ba sa ga maciji,
da ƙarin jaka biyu kan kowane guda.
Namu na nan bayan shago, ƙadangaru sun yi gida.

Duk da haka aka ce ya ci.

Ran da akwati ya juya masa baya
ya miƙa makulli ɗaya bai ce uffan ba.
Aljihu ya yi sakayau, har tafiyarsa ta karkace.

Yanzu yana kan benci yana ɓarar gyaɗa.
Jiya tsohuwa mai tukwane ta zo da takardar jikanta:
"Magaji, sa mini hannu."
Ya ce, "Iya, ai ba ni ba ne yanzu."
Ta ce, "Ni dai kai na sani."
Ya dubi famfon tsallaken titi, ruwa na cika tulun wata yarinya,
ya kakkaɓe ɓawo daga cinya, ya zura takalmi.
"Taho in raka ki.
Laminu, kula da shago. Kada ka ba kowa bashi."

Na ce to.
Ga Malam Haru can tafe da amalanke.