Ɗumin da Ke Ƙarƙashin Tabarma

A Tawa, in Janairu ya kama,
sanyi ba ya sallama.
Ta siminti yake shigowa,
ya kama diddige, ya hau ƙwauri,
kafin hantsi ya zauna a gwiwa kamar mai bin bashi.

Mu dukawa a ƙasa muke zama,
cinya ce teburinmu.
Fata ta ƙage kamar ƙanzo,
gam ya daskare a gwangwani,
basilla ta kuɓuce ta shige tafin hannu,
jinin ma sai ya yi shawara kafin ya fito.

Da kasko muke yi, da gawayi,
har ranar da yarona Illa ya gyangyaɗa
kusa da garwashi, ƙofa a rufe.
Muka fito da shi kamar jiƙaƙƙen tsumma,
ana yayyafa ruwa, ana kiran sunansa.
Ya farka.
Kaskon bai sake shiga shagon ba.

Sai na tuna kakata Tsahara
da gadonta na ƙasa, can Kalfu,
mai rami a ƙarƙashi inda ake tura kara da magariba.
Wutar kan mutu tun dare bai raba ba,
gadon kuwa ya riƙe amana har asuba.

Bango ɗaya ya raba ni da Abarshi mai burodi.
Tanderunsa na ci tun ƙarfe ɗayan dare,
zafin na tashi sama, yana ɗumama taurari a banza.
Na ce: ara mini abin da kake zubarwa.
Ya yi dariya har gari ya zubo daga gemunsa.

Nomau mai gyaran firji ya zo da bututun jan ƙarfe,
gādon matattun firji da ya tara shekara da shekaru.
Muka fasa daɓe da diga,
ya shimfiɗa shi, lanƙwasa bayan lanƙwasa,
kamar sawun maciji a rairayi,
ya naɗa wutsiyar a bayan tanderu,
ya ɗora tano a dakali, ya cika shi da ruwa.
Sa'armu: Abarshi na kwari, ni ina tudu.
Ya ce: mai zafi zai hau da ƙafarsa, mai sanyi ya sauka,
kai dai kada iska ta shiga tsakaninsu.

Maƙwabta suka yi layi a bakin ƙofa.
A Tawa!
Garin da rana ke gasa jaki da ransa a watan Afrilu,
ga wani ya zuba jikka arba'in yana sayen zafi.

Daren farko, shiru.
Na biyu, kusurwar gabas ta jiƙe,
muka sake fasawa, Nomau na zagin dalmarsa.
Na uku ban yi barci ba, ina lissafin jikkunan.

Na huɗu, bayan sallar asuba,
na buɗe kwaɗo, na tuɓe takalmi, na taka.
Ka san wurin da wani ya tashi yanzu-yanzu
ya bar ɗuminsa a tabarma?
Haka shagon yake, daga bango zuwa bango,
ba hayaƙi, ba toka, ba abin da ido zai nuna.
Na daɗe a tsaye.
Ƙamshin burodin fari na tsallako katanga.

Yanzu gam na bin buroshi ba gardama,
fata na lanƙwasa kamar ta san ni.
Illa kan miƙe a bayan buhun ƙiraga,
in leƙa, in ga ƙirjinsa na hawa da sauka,
in koma kan ɗinkina.
Masu dariyar nan sukan zo da sanyin safiya,
wai duba takalmi,
su zauna, su miƙe ƙafa, su manta da ciniki.

Abarshi bai taɓa karɓar dala ba.
Duk shekara nakan ɗinka masa takalmi, lamba arba'in da huɗu,
na hagun da ɗan faɗi saboda yatsan da itace ya fasa.
In Maris ya shigo, in murɗa kan bututu in rufe,
ƙasa ta koma ƙasa,
mu koma neman inuwa kamar kowa.