Minti Shida

Ƙarfe bakwai nake buɗe ɗakin ɓeraye,
kafin zafin Birnin Kebbi ya farka.
Warin dusa ne ke fara gaishe ni.
Kejin hagu, 'yan wata uku.
Na dama sun doshi shekara biyu,
a lissafinsu sun ga tattaɓa-kunne.

Akwai akwatin da muke kira fili,
fari fat, fitila a sama, ba maɓoya.
Na saki yaro: fyau, ya ratsa tsakiya,
ya miƙe a ƙafa biyu
kamar mai leƙen katangar maƙwabta.
Na saki tsoho, mai lamba sha bakwai,
sai ya bi bango, ya bi bango,
kafaɗa na gugar katako,
ka ce mai binsa bashi ne zaune a tsakiya.
Malam Bagudu ya ce, rubuta: alamar fargaba.
Na rubuta.

Sai tulun gilashi, ruwa mai ɗumi, minti shida.
Yaro na ta facal-facal, yana kokawa da gilashi.
Sha bakwai ya ɗan yi iyo,
ya tsaya cak, hanci kawai a sama.
Agogo na tafiya a tafina.
Rubuta: alamar ɗebe tsammani.
Na ce, Malam, in kuma gwiwa ce ke ciwo?
In ya gane tulun ba shi da ƙofa?
Ya ce, shi ya sa muke cewa "mai kama da".
Ba wanda ya taɓa kwana a zuciyar ɓera.

Da dare mun rataya musu kwalba biyu,
ɗaya ruwa zalla, ɗaya da sukari.
Da safe yara sun lashe mai zaƙin.
Tasa ta ragu da kaurin farce.

Ran Juma'a na shiga motar Yawuri.
Baba Nomau, da ya yi shekara arba'in
yana ƙetarar da mutane da shanunsu a Kwara,
yana zaure, baya jingine da bango.
Furar da Inna ta dama masa da zuma,
ƙuda ne ke shawagi a kan faifanta.
Sau uku kafin isha ya tambaya
ko an kulle ƙofa.
Inna ta ce, tsufa ne, bar shi.

Ya ce, Ige, mi kuke aunawa can?
Na ce, baƙin cikin ɓeraye.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
rabona da jin ta tun babbar salla.
Na ba shi labarin tulun.
Ya yi shiru, ya ce,
wanda ya san ruwa ba ya dukan ruwa.
In jirgi ya kife, kwanciya akan yi,
a bar hanci a sama, a jira.
Na ce, a jira wa, Baba?
Ya dubi ƙofa.
Furar dai bai taɓa ta ba.

Litinin, minti shida suka cika.
Na tsamo sha bakwai a tafin hannu,
zuciyarsa na bugun yatsana, tif-tif-tif.
Ƙa'ida ta ce a goge shi, a mayar keji.
Na goge shi.
Na sake gogewa, ko da ya riga ya bushe.
A takardar akwai gurbin ƙarin bayani,
na daɗe riƙe da biro a kansa
har Malam Bagudu ya ce, kawo na gaba.