Wari Ɗaya

A Ƙofar Wambai na kwance dilar gwanjo,
Ɗanliti na jefo takalma, ina ɗaura musu aure,
hagu ta yi sallama, dama ta amsa.
Ɗari biyu da sha ɗaya muka ƙirga.
Da jin adadin na san wani zai kwana gwauro:
jan kambas na ƙafar hagu,
igiyarsa ko datti ba ta yi ba,
ya tsaya a kan buhu shi kaɗai
kamar wanda mota ta sauke a tashar da ba tasa ba.

Bayan isha'i, a gida Yakasai,
Sawwama ta baje littafi gaban fitilar caji.
"Baba, ɗari biyu da sha ɗaya, cika ce ko mara?"
Na ce ni a aji huɗu na ajiye biro.
Ta ce in an jera bibbiyu ba saura, cika ke nan,
in ɗaya ya rasa abokin tafiya, mara.
Na yi dariya har da tari.
Shekara ashirin ina wannan a rumfa,
ashe abin yana da suna.

"Akwai na uku," in ji ta, "masu taurin kai.
Malam Sidi ya ce ba sa rabuwa
sai dai da ɗaya, ko da kansu."
Ta ɗebo gyaɗar uwarta ta zube a tabarma.
Tara ta zo da cika baki, wai ita mara ce,
aka kasa ta uku-uku, ta kwanta lakwas.
Bakwai kuwa ta ƙi.
Sha ɗaya ta ƙi, sha uku ko kallo ba ta yi ba.
Biyu ce kaɗai cika a cikin danginsu,
'yar ƙarama, tana zaune a bakin layi.
Na ce a kasuwa da gagara-rabo za mu kira su.

Sai ta juyo kan dilata.
Kashi uku, saura ɗaya.
Kashi biyar, saura ɗaya.
Kashi bakwai, yarinyar nan ta ciji biro,
saura ɗaya dai.
Ta gwada sha ɗaya da sha uku, ba su ci ba.
"Baba, jan kambas ɗinka ne ya hana!"
Uwarta ta ce a tattara mata gyaɗarta.

Na rataye shi a ƙusa, ya yi sati biyu
yana kallon masu wucewa ƙafa bibbiyu.
Ran wata Laraba saurayi ya tsaya, sanda a hammata,
gyaran waya yake yi a Beirut.
Ya ce ƙarƙashin gadonsa cike yake da warin dama,
don ba wanda ke yarda ya sayar masa da rabi.
Ya zauna a bencina ya zura.
Kamar an auna.
Muka ja ciniki sosai, don kada ya ga tausayi.

Da dare na ce, "Sawwama, ki cire ɗayan nan,
lissafin dila ya koma ɗari biyu da goma."
Ta ɗan yi shiru tana motsa baki.
"Biyu ta raba ta, uku ma, biyar, har bakwai.
Kowa ma ya zo zai samu."
Ta rufe littafin a hankali.
"Ni dai na fi son ta jiya."