Fetur a Garin Alfadarai

Ni ce Pabitra, mai ajiyar rasidai
a ofishin gunduma, can ƙuryar duwatsun Nepal,
inda ƙanƙara ke kwana bisa tsauni
ba ta sauka ko da bazara.
Teburina ƙafa uku ne da bulo ɗaya.

Ran Talata shugaba Lok Bahadur ya aiko yaronsa
da ambulan mai tumbi irin na maigidansa.
Na buɗe.
Fetur, lita ɗari huɗu.
Na leƙa taga.
Garinmu ba titi. Tun da na yi wayo
alfadari ke hawo mana da gishiri da kananzir,
kuma ban taɓa ganin alfadari a layin gidan mai ba.

Shayin taron gyaran gada, kofi dubu biyu.
Mu duka, har jarirai, har kakata kurma,
ba mu cika ɗari tara ba.
Ragowar fa? Ko kogi aka gayyata?

Otal a Kathmandu, kwana tara, wai nazarin igiyar ƙarfe.
A kwanakin nan da idona na gan shi
wajen bikin ɗan ƙanwarsa, furanni har kunne,
yana taka rawa, ana masa tafi.

Gadar kuwa tana nan jiya i yau.
Katako goma sha ɗaya sun bi ruwa,
igiyar hagu tsatsa ta ci ta koma gari.
'Yan makaranta da rarrafe suke hayewa,
jaka a haƙora, ido a rufe,
kogi na ruri a ƙasa kamar mai bin bashi.
Tsoho Harka ya daina zuwa asibitin ƙetare,
ya ce in mutuwa ce, gara gado da gada.

Da yamma shugaba ya zo da kansa,
turarensa ya riga shi sallama.
"Ƙanwata, hatimi ne kawai, minti ɗaya."
Ya ajiye kwalin alewa kusa da tawada,
ya tambayi ƙafar mahaifiyata,
ya tuna mini wanda ya sa baki aka ɗauke ni aiki.
Na ce, "Ranka ya daɗe, lambar motar nake jira."
Ya yi yaƙe. Ya gyara hula. Ya fita bai ja ƙofa ba.

Daren nan ido biyu na kwana.
An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.
To, ni ba wuƙa nake tsoro ba,
takardar canjin wurin aiki nake tsoro,
da buhun shinkafar da ya kusa ganin gindinsa,
da maganin Inna da ake saye duk wata.
Na ɗauki hatimin, na ajiye.
Na sake ɗauka. Ya fi dutsen niƙa nauyi.

Kafin zakara ya yi na biyu
na kwafe lissafin a bayan tsohuwar kalanda,
manyan baƙaƙe, yadda mai hakiya ma zai gani,
na kafa shi da ƙusa a bakin gada.

Hantsi bai yi ba aka cika.
Wata yarinya ke karanta wa manya da ƙarfi.
Mai alfadarai ya dafa wuyan dabbarsa ya ce,
"Ashe kai ne ke shanye mana mai, munafuki!"
Aka fashe da dariya,
sai dariyar ta tsinke a tsakiya,
kowa ya juya yana kallon ramukan gada.

An ce masu bincike za su zo bayan damina.
An ce.
Takardata dai ba ta jira damina ba:
wani ƙauye, tafiyar kwana uku a ƙafa.

Na bar masa alewarsa ban ɓare ba.
Na goya akwatina, na hau gadar ina ƙirge.
Ramukan sun zama goma sha biyu.
Kalandar tana nan, ruwa ya jiƙa ta,
amma wani, ban san ko wane ne ba,
ya bi lambobin da gawayi ya sake fito da su.