Rariyar Nomau

A takarda layin ya miƙe sak,
ya zo iyaka ya faɗi kamar an sare shi da gatari:
wannan murya ta wuce, waccan ta tsaya a waje.
Haka aka zana mana a allo.
Na kwafe, na kawo rumfar Nomau a Sabon Gari,
ina taƙama.

Nomau bai dubi takardar ba.
Ya miƙo mini bobin, jan ƙarfe a naɗe,
ya ce, auna.
Littafi ya ce ba ta cin komai.
Mita ta ce om huɗu.
Duk saƙon da ya ratsa ta sai ta gutsura,
kamar ɗan aike da ƙosai a hannu.

Kondansa kuwa tulu ce mai yoyo.
Ɗari aka rubuta a jikinta,
tamanin da bakwai na samu.
Wa ya san bazara nawa ta yi a kwali
kafin ta hau mota daga Jibiya?
Rezistans ce kaɗai mai kunya,
ta ɗaura zoben zinariya a ƙugu:
zan yi ƙarya, amma biyar cikin ɗari.

Muka haɗa su da dalma.
Rediyon tsoho Ɗan Bakoye ta buɗe baki,
ga labaran Yamai,
ga wata mai tallan sabulu a ƙarƙashinsu,
ta biyo ta gangaren da na zana katanga.
Da azahar kwanon rumfa ya ɗau zafi,
tashar ta ja gefe,
ba wanda ya taɓa ta.

Na ce lissafina daidai yake.
Ya ce, daidai yake,
sai dai kayan da ka lissafa ba a sayar da su a Maraɗi,
ba na jin ana sayar da su ko'ina.
Rariyar uwarka ma tsaki na wucewa,
kun fasa cin tuwo?

Ya sa farce tsakanin naɗin bobin,
ya buɗa kaɗan, ya kasa kunne,
ya matse rabin abin da ya buɗa.
Mai sabulu ta yi nisa, ta koma kamar sauro.
Ya ɗiga kyandir a wurin.

Ɗan Bakoye ya biya jaka ɗaya,
ya ce har yanzu yana jin matar.
Nomau ya ce, ka gaishe ta.